Wa Ya Kamata Ya Yanka Wa Manomi Kuɗin Amfaninsa?

Ya masu karatu, ga wata tambaya da ta isa mu zauna mu auna ta. Ko daidai ne a ɗebi wani abu daga cikin gumin mutum domin amfanin jama'a, ba tare da an ji ta bakinsa ba?

Bari mu dubi ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai za su sami auduga domin masaƙun Ingila. Amma a 1912 sai manoma suka cika kasuwa da gyaɗa. Wani masani, Jan Hogendorn, ya bi diddigin wannan cikin littafinsa na 1978, ya nuna cewa manoman sun san abin da suke yi. Gyaɗa ta fi riba, tana son jigawa, kuma in yunwa ta zo ana cinta. Ashe talaka ya iya lissafi tun ba a koya masa ba.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma ta Jihar Arewa ta gaje ta. Hukuma ce ke yanka kuɗin gyaɗa kowace kaka, ita kaɗai kuma ke sayarwa ƙasashen waje. Wani masani, Gerald Helleiner, ya lissafta a 1966 cewa tsakanin 1947 da 1961 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai shiga hannun manomin gyaɗa an riƙe shi, ta haraji da rarar hukuma.

Waɗansu za su ce ai kuɗin bai ɓata ba, gama da irinsa aka yi ayyukan raya ƙasa, har da masaƙar Kaduna ta 1957. Gaskiya ne, kuma ba ƙasar da za ta tsaya in ba haraji. Amma kyan aiki ba ya wanke hanyar da aka bi. Harajin da mutum ya san yawansa, yana iya tambayar inda ya tafi. Wanda aka ɓoye cikin farashi kuwa, ba shi da bakin tambaya, gama bai ma san an ɗiba ba. Mutum ba jaki ba ne, da za a ɗora masa kaya a ce don amfaninsa ne.

A 1986 aka rushe hukumomin nan. To, manomi ya huta ke nan? A'a. Riɗi da zoɓo da ake tarawa a kasuwar Dawanau suna tafiya ƙasashe masu nisa, farashinsu kuwa yana hawa da sauka bisa ga ciniki da ake yi inda manomi bai taɓa zuwa ba. Wanda bashi ya matsa wa da kaka, ko nawa aka taya sai ya sallama. 'Yancin da yunwa ke tsaye a kansa rabin 'yanci ne.

Saboda haka amsarmu ita ce, a ɗiba domin jama'a ba laifi, muddin an yi a fili, da yardar masu gumin, kuma suna da ikon sauke wanda ya ci amana. Ma'anar ƙuri'a ke nan.

Wannan magana ba ta manya kaɗai ba ce. Kai mai riƙe da kuɗin ƙungiya, karanta lissafi a gaban kowa. Kai mai awo, bari mai kaya ya ga sikeli da idonsa. Ku manoma kuma, ku haɗa kai ku sayar tare, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.