DA NA SANI ƘEYA CE

'Yan uwana mata, Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. To ni kam shekara uku na yi ina tafe fuskata na kallon ƙeyata, shi ya sa na ce bari in ba ku labarina ko wata ta tsira daga irin wahalar da na sha.

A Kirsimetin 2016 na je gida ƙauyenmu kusa da Zariya, sai Mama ta yi mini faɗa a gaban mutane kan yadda nake ɗaga wa maigidana murya. Gaskiya ta faɗa, amma zuciya ta ɗebe ni, na kwashi yarana na koma Kaduna ko sallama ban yi mata ba. Wata huɗu tana bugo waya ina ƙin ɗauka. Ran wata Talata a watan Afrilu ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, jikin Mama fa ya yi tsanani, tana ta nemanki." Na ce sai Asabar zan zo. Daren Alhamis ta cika. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ita na kasa yi wa wadda ta haife ni.

Daga nan na shiga hukunta kaina. Na daina zuwa zumuntar mata, na daina karɓar jibin Ubangiji, ran Lahadi sai in raɓe a bencin baya in fice kafin a tashi. Ina tuƙa tuwo hawaye na zuba, yaro ya yi ɗan kuskure in hau shi da duka. A ganina wannan baƙin cikin shi ne biyan bashin Mama.

Wata rana wata tsohuwa 'yar cocinmu, muna ce mata Iya, ta biyo ni har gida. Da na gama kuka na faɗa mata komai, sai ta ce, "'Yata, kin roƙi gafarar Allah?" Na ce kullum. Ta ce, "To shekara uku kina roƙo, yaushe za ki miƙa hannu ki karɓa?" Sannan ta tuna mini da mutum biyu.

Bitrus da Yahuza duk almajiran Yesu ne, kuma a dare ɗaya suka ci amanarsa. Yahuza ya bashe shi a kan azurfa 30, Bitrus kuwa yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist ya yi musun saninsa har sau uku. Dukansu sun yi nadama. Matiyu sura 27 ta nuna Yahuza ya mayar da kuɗin wurin manyan firistoci, suka nuna ba ruwansu, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da 'yan uwansa ba. A Yohanna sura 21, bayan tashin Yesu daga matattu, Bitrus na jin cewa Ubangiji ne a bakin teku ya faɗa ruwa ya nufe shi. Ya tarar da wutar gawayi da kifi da gurasa. Sai da suka ci suka ƙoshi Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma damƙa masa kiwon tumakinsa.

Iya ta ce abin da ya raba su shi ne wurin da kowa ya kai nadamarsa. Nan na gane ashe hanyar Yahuza na ɗauka, ina tsammanin tawali'u nake yi, alhali kuwa nuna wa Almasihu nake yi cewa mutuwarsa a kan gicciye ba ta isa ta biya nawa laifin ba.

Wata za ta ce, ai wannan sauƙi ya yi yawa, kin cuci uwarki sannan ki karkaɗe zane ki wuce? Ba haka ba ne. Abin da ke gyaruwa dole a gyara. Na je na durƙusa gaban Baba na nemi gafararsa, na shirya da maigidana, na ɗauko autarmu na sa ta a makaranta kamar yadda Mama ta so. Abin da ba ya gyaruwa kuwa, wato wayar nan da ban ɗauka ba, shi na bar wa Allah. Har yau in Afrilu ya zo nakan yi hawaye, sai dai yanzu kewarta nake yi.

'Yar uwa, in naki mutumin yana raye, ajiye littafin nan ki neme shi yau, kar ki ce sai Asabar. In kuwa ƙasa ta rufe masa ido, kai kayanki wurin Yesu ki sauke, yaranki da mijinki suna bukatarki. Allah Ya ba mu zuciyar karɓar gafararsa, amin.