Kyanwar da ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin gado

A yankinmu na Mafara da Bakura da Maradun, kyanwa ba abin da ake zuwa kasuwa a saya ba ce. Ranar Talata mutum zai iya zagaya karar awaki da tumaki, ya bi layin masu kaji da zabi da tantabaru, amma da wuya ya ji wani yana taya mussa. Ita kyanwa zuwa take yi da ƙafarta, ko kuma a tsince ta. Yaro ya ji kuka a bayan teburin mai shayi ya tarar da 'yar ƙarama uwarta ta ɓace. Maƙwabta su tashi su bar tasu a kango. A 'yan shekarun nan kuma akwai wadda ke zuwa cikin buhu, a tsakanin tukwane da tabarmi, tare da iyalin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauye.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Ana sauke ta sai ta arce ƙarƙashin gado ko bayan buhunan hatsi. A ajiye mata kifi ta ƙi taɓawa. A yi ta "mus-mus" ta ƙi kulawa. Wanda ya miƙa hannu ya sha yakushi. Kwana biyu, uku, sai a fara jin mutanen gida suna cewa wannan kyanwa butulu ce, an cece ta amma ko kallon arziki ba ta yi wa mutane. Wani ya sa sanda ya zungure ta, wani ya ɗaga gadon ya jawo ta da ƙarfi don ta ga cewa ba a nufinta da sharri.

Kalmar nan ta butulci ita ce ta tsaya mana a rai. Idan muka ceci wata halitta, shin mun sayi amincewarta ke nan? Wa ke bin wani bashi tsakanin wanda ya ɗauko da wadda aka ɗauko?

Kafin mu yanke mata hukunci, ya kamata mu san wace ce ke ƙarƙashin gadon. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai, ba ta da garke balle shugaba. Ta matso kusa da mutane ne lokacin da suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa a gefensa, wato zaman ya daɗe. Amma duk daɗewarsa bai canza mata abu ɗaya ba: tsaronta a wuri yake. Kare yana natsuwa idan ubangidansa na kusa, ko a ina ne. Kyanwa tana natsuwa ne idan ta san kowace kusurwa, ta san ta inda za ta gudu, ta kuma ji ƙanshin jikinta a jikin bango da ƙafar kujera, ƙanshin da take shafawa da kumatunta. Ranar da muka ɗauke ta daga kwatar da muke ganin ƙazanta ce, mun raba ta da duk taswirar da ta sani. Mu mun ga ceto. Ita abin da ta gani shi ne wani ƙaton hannu ya cafke ta, an jefa ta cikin duhu, an girgiza ta a kan babur, an zazzage ta a inda komai baƙo ne. Ga kunnenta yana jin sautin da namu ba ya kaiwa, don haka janareta da injin markaɗe da daka a turmi duk sun fi ƙarfi a wurinta.

Akwai kuma abin da ya riga ya wuce tun kafin mu haɗu da ita. Wata mai bincike a Amurka, Eileen Karsh, ta nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa 7 na rayuwar kyanwa ne take koyon ko hannun mutum abin aminci ne. Wadda aka riƙa ɗauka ana shafawa a waɗannan makonni takan girma da son mutane. Wadda ta yi su a kango, ko ta yi su tana kauce wa jifan yara saboda baƙa ce an ce mayya ce, za ta iya sabawa daga baya, amma a hankali, kuma sau da yawa da mutum ɗaya ko biyu kawai. Ba taurin kai take yi ba. Darasin da rayuwa ta koya mata ne, kuma darasin ya yi mata amfani, tunda ga ta a raye.

Abin da take buƙata daga gare mu ba shi da tsada, shi ya sa ma yake da wuya a yarda cewa shi ke nan. Ɗaki ɗaya mai shiru, a rufe ƙofa, kada a sake mata gida duka rana ɗaya. Kwalin taliya a kife a huda masa ƙofa, a shimfiɗa tsohon zane a ciki. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada wannan a 2014 a gidan ajiye kyanwoyin da aka tsinta: waɗanda aka ba kwalin ɓuya sun natsu cikin 'yan kwanaki, waɗanda ba a ba ba sai da suka kwashe kusan mako biyu. Ruwa a gefe guda, abinci a wani gefen, baho da yashi can nesa da su don bayan gida. Kifi ko nama marar yaji marar albasa, don albasa guba ce gare ta. Madarar da muke gaggawar zuba mata ma, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Daga nan sai a zauna a ƙasa, nesa kaɗan, a juya mata gefe, a yi harkar gaba. Zuba mata ido barazana ce a yarenta. Masu bincike a jami'o'in Sussex da Portsmouth a Ingila sun nuna a 2020 cewa idan mutum ya lumshe ido a hankali, kyanwa takan mayar da irinsa, ta kuma fi yarda ta matso.

Mu masu rubuta manhaja muna da wata ƙa'ida da ta yi kama da wannan. Idan manhajar da ke wayarka ta nemi sabar ba ta samu amsa ba, ba a so ta yi ta ƙwanƙwasawa babu tsayawa. Takan jira daƙiƙa ɗaya ta sake, in shiru ta jira biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Dalili kuwa, sabar da ta yi shiru galibi nauyi ne ya yi mata yawa, kowace sabuwar buƙata ƙara mata nauyin take yi, har ta durƙushe gaba ɗaya. Mun yarda mu yi wa na'ura wannan uzuri saboda mun san ba ta jin haushinmu. Da kyanwa sai mu kasa, saboda mun ɗauki shirunta a matsayin magana a kanmu.

A nan ne muke ganin ainihin matsalar take. Yawancin taimakonmu yana son shaida. Muna son wanda muka taimaka ya nuna a fuskarsa cewa ya ji daɗi, don mu tabbatar wa kanmu cewa mu mutanen kirki ne. Mai jawo kyanwa daga ƙarƙashin gado ba mugu ba ne, yana sonta ne har ga Allah. Sai dai abin da yake so a wannan lokacin nasa ne: ya rungume ta, ya ɗauki hoto, ya ji tana gurnanin jin daɗi. Ita kuwa buƙatarta a bar ta. Idan buƙatun biyu suka yi karo, wanda ya fi ƙarfi ne ke yin nasara, sannan ya kira nasarar tasa tausayi.

Addini ya riga ya amsa mana tambayar bashin, kuma amsar ba ta tsaya a inda muka zata ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwa sananne ne, yara ma sun haddace shi a Islamiyya. Abin lura shi ne an bar wa matar ƙofa biyu: ko ta ciyar da ita, ko ta sake ta ta nema da kanta. Ba a ce laifi ne mutum ya wuce kyanwa a titi bai ɗauka ba. Laifin ya fara ne daga riƙewa. Wato daga lokacin da muka rufe ƙofa a kanta, mu ne muka ci bashi, domin mun karɓe mata ikon neman abinci da ikon gudu, ita kuwa ba ta sa hannu a kan komai ba. Sai kuma labarin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda kyanwa ta zo shan ruwan alwalarsa. Bai kama ta ba, bai ɗora ta a cinya ba. Ya karkata mata ƙwaryar ne har ta sha ta ƙoshi. Muna ganin duk ilimin mu'amala da mai tsoro yana cikin wannan karkatarwar: ka kusanto da abin, ka bar masa zaɓin zuwa.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a koya musu yadda ake ji idan aka tashe ka don amfaninka. Lokacin da aka gina madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, an yi ta ne da sunan ci gaba: noman rani, shinkafa, alkama, wadata. An tashi dubban mutane daga gidajensu da fadamunsu, ciki har da mutanen tsohuwar Maradun. Da manoma suka koka kan diyya da filayen da aka karɓe, suka tare hanyoyin aikin, sai aka ɗauke su a matsayin waɗanda ba su san alheri ba. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ba muna haɗa ɗan Adam da dabba ba ne, Allah ya kiyaye. Mai taimakon muke kallo, shi ne bai canza ba: ya yanke shawara shi kaɗai, ya aiwatar da ƙarfi, ya ga tsoro da turjiya, ya fassara su da butulci.

Haka ma yau, da garin Mafara da sauran manyan garuruwanmu ke karɓar waɗanda suka baro ƙauyukansu. Muna cewa baƙonka Annabinka, kuma jama'a sun yi ƙoƙari, an buɗe ɗakuna an raba tukunya. Amma akan ji mai masauki yana ƙorafin cewa matar da ya sauka ba ta magana, yaronta ba ya wasa da yaran gida, da an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Akan taru a kansu da tambaya: su nawa ne suka zo, wa aka kashe, yaya kuka tsira? Bayan an sako 'yan matan makarantar Jangebe 279 da aka sace a watan Fabrairun 2021, duniya ta gan su a layi gaban kyamara. Mun yi murna, kuma murnar halal ce. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne watannin da ke biyo baya, lokacin da mutum ke buƙatar ɗaki mai shiru da wanda zai zauna kusa bai tambaye shi komai ba.

Wani zai ce, ana kashe mutane a hanyar gona, ku kuna zancen kwali da yashin kyanwa. Maganar tana da nauyi, kuma idan abinci ɗaya ne ya rage tsakanin yaro da kyanwa, babu mai hankalin da zai yi shawara. Amma da wuya rayuwa ta kawo zaɓin a haka. Kan busasshen kifi da tsohon kwali ba su rage wa kowa komai ba. Kuma yaron da aka hana jifan kyanwa, aka koya masa ya zauna shiru har ta fito da kanta, shi ne dai zai zauna benci ɗaya da yaron da ya zo daga ƙauyen da aka ƙone. Ba mu yarda cewa tausayi kamar garin tuwo ne da ke ƙarewa in an ɗiba ba. Ya fi kama da sana'ar hannu, wanda bai koya a ƙaramin aiki ba ba zai iya babba ba.

Duk da haka, barin ta ba ya nufin mantawa da ita, kuma nan ne ƙa'idar tamu ke samun iyaka. Kyanwar da ta wuce kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba tana cikin haɗari, hantarta na iya lalacewa. Wadda ke da rauni mai ruɓa, ko idonta ya manne da ƙwantsa, ko numfashinta ya yi nauyi, dole a lulluɓe ta da tawul a kai ta wurin malamin dabbobi ko tana so ko ba ta so, a kuma tambayi rigakafin ciwon haukan kare, don ita ma tana ɗauka. Kada kuma a ce za a ba ta farasitamol na mutane, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. A irin wannan hali mun yarda a keta zaɓinta, kuma za ta tsane mu na wani lokaci. Bambancin wannan da jawo ta daga ƙarƙashin gado shi ne tambayar da mutum zai yi wa kansa kafin ya miƙa hannu: don wa nake yi? Tambayar ba ta da sauƙi, domin masu Bakolori ma da an tambaye su cewa za su yi don manoma suke yi.

Sannan akwai wadda ba za ta taɓa zama kyanwar Lami ba. Za a yi komai daidai, wata uku, wata shida, amma ba za ta hau cinyar kowa ba. Za ta koma zama a ƙarƙashin rumbu ko kan katanga, ta riƙa kallon gida daga nesa. Alamun da za a samu daga gare ta ƙanana ne. Da safe a tarar da kwanon babu komai. Ɓeraye su ragu a ɗakin hatsi. Wata rana a gan ta tana lasar jikinta a tsakar gida alhali akwai mutane, abin da kyanwa ba ta yi sai inda ta ji ba za a far mata ba. Wata ranar kuma ta goga kumatunta a jikin ƙyauren ɗaki, ta wuce ba ta kalli kowa ba.