Haƙƙin wanda ba ya da makwanci a kan jama'ar masallaci

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana dare domin hutawa, Ya kuma hore mana ɗakunan da muke fakewa a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Ku sani cewa a cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya lissafa gida a cikin ni'imominSa, Ya kuma bayyana shi a matsayin wurin natsuwa. Ni'ima ce da ba a cika tuna ta ba sai ranar da aka rasa ta.

Mun ga wannan rana da idanunmu. A shekarar 2020 kogin Isa ya ɓalle a Yamai, ya cinye unguwanni irin su Lamorde. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a ƙasarmu, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2024 ruwan sama mai tsanani ya rushe gidaje a birnin Maraɗi, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya faɗi. Iyalai suka cika ajujuwan lakwal, har gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Kafin wannan, tun 2019, dubban ƴan'uwanmu daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako yankin Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, kuma talakawan ƙauye ne suka fara buɗe musu ƙofa.

A duk waɗannan lokuta jama'a sun yi ƙoƙari. An kai hatsi, an kai tabarmi da tufafi, Allah Ya saka da alheri. Amma wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya: taimakonmu yakan zo bayan ɗaki ya faɗi, ya kuma ƙare kafin a tayar da wani. Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta koya mana tsari wanda ya fi wannan ɗorewa.

Da ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, shi kansa ba shi da gida. Ya sauka wajen Abu Ayyubal Ansari, ya zauna watanni har aka gina masallaci da ɗakunansa. Muhajirai kuwa sun baro gidajensu da dukiyarsu a Makka. Sai ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru, mutum da mutum, yadda kowane baƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Allah Ya yabi Ansaru a Suratul Hashri, aya ta 9, saboda fifita baƙi a kan kawunansu alhali su ma suna cikin buƙata.

Waɗanda suka zo daga baya, ba iyali ba masauki, aka tanadar musu rumfa a jikin masallaci, wato Suffa. Abu Huraira na cikinsu, kuma ya ba da labarin ya ga mutum 70 daga cikinsu waɗanda ba su da cikakkiyar sutura. Manzon Allah yakan raba su ga gidajen sahabbai domin cin abinci, shi ma ya ɗauki nasa rabo. Mata ma ba a manta da su ba: Nana A'isha ta ruwaito labarin wata baiwar Allah da ta musulunta, ba ta da kowa, aka yi mata ƴar bukka a cikin masallaci.

Tsarin bai tsaya ga ciyarwa ba. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ba a daɗe ba ya tsaya da ƙafarsa har ya yi aure. Ashe manufar masauki ita ce mutum ya samu inda zai numfasa, sa'an nan ya tashi ya riƙe kansa.

Ya ku bayin Allah, a yau ƙungiyoyin agaji na unguwa da kwamitocin masallatai ne ya kamata su gaji wannan aiki. Muna ba da shawarwari huɗu.

Na farko, tun da rani, kwamiti tare da mai unguwa su zagaya su rubuta ɗakunan laka da suka tsage, musamman na tsofaffi da zawarawa da masu riƙon marayu. A kira gayya: magina su ba da yini ɗaya, samari su kwaɓa ƙasa, masu hali su sayi azara da indararo. Yaɓen da aka yi kafin ruwa ya sauka ya fi sauƙi bisa ga haƙo mutane daga ƙarƙashin gini.

Na biyu, a buɗe asusun haya. Da yawa ba ruwa ke raba su da gida ba, bashin wata biyu ko uku ne ke sa a fitar musu da kaya bakin titi. Suratut Tauba, aya ta 60, ta sanya matalauta da masu bashi da matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin masu cin zakka. Ku kuma masu gidajen haya, ku tuna aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Haƙƙinku ne a biya ku, amma ku sanar da kwamiti kafin ku ɗaura kwaɗo a ƙofar mai iyali.

Na uku, a raya wakafi. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar bisa shawarar Manzon Allah, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gādo, amfaninta na mabuƙata. Mai fili ya ba da fili, a gina ɗaki biyu ko uku na saukar wanda masifa ta afka wa. A kula: malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa zakka ana mallaka ta ne ga wanda ya cancanta, don haka irin wannan gini da sadaka ake yin sa.

Na huɗu, amana da sutura. Kowace dala da ta shiga a rubuta ta, a karanta lissafi gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Amma sunayen waɗanda aka taimaka wa su tsaya tsakanin mutum biyu ko uku amintattu, domin tona asirin mabuƙaci yana ɓata ladar sadaka.

Kada wani ya ce wannan aikin gwamnati ne ko na manyan ƙungiyoyin waje. Suna da nasu nauyi, kuma za a tambaye su. Amma kafin motarsu ta iso, maƙwabci ne ke jin ƙarar faɗuwar katanga cikin dare. Wanda ke kwana a tasha, ko ƙarƙashin rumfar kasuwa, ko almajirin da ke raɓe a zauren wani cikin sanyin hunturu, sau da yawa sahu ɗaya muke tsayawa da shi da asuba. Me za mu ce wa Allah idan mun haɗa kafaɗa da shi a salla, amma ba mu taɓa tambayarsa inda ya kwana ba?

Muna roƙon kowane limami ya tara dattawan masallacinsa cikin wannan mako, a naɗa masu zagaye, a fara da gida ɗaya.

Ya Allah, Ka suturta wanda ba ya da sutura, Ka mayar da ƴan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ka jiƙan waɗanda ambaliya ta ɗauke, Ka ba mu damina mai albarka marar ɓarna. Ka sanya kaburburanmu su zama masauki mai yalwa, Ka haɗa mu a gidan Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.