Zinaren Alhaji: Nasa Ne Ko Namu?

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san ƙarar jirgin sama tun kafin ya taɓa ganin cikinsa. Filin jirgin sama yana nan kusa da mu. Muna yara, da mun ji rugugi sai mu bar ƙwallo mu ɗaga kai muna ɗaga masa hannu. Yau wasu daga cikin yaran nan sun zama 'yan kasuwa masu zuwa Dubai, Istanbul da Guwanzu ta ƙasar Sin, suna shiga jirgi kamar yadda muke shiga turoturo.

Kwanakin baya wata Hajiya ta bugo waya a shirinmu na rediyo da wata tambaya da har yanzu ba ta bar ni ba. Ta ce su mata shida ne masu sayar da kaya a kasuwar Nima. Ba su da ƙarfin tafiya da kansu, don haka sukan haɗa kuɗi su ba wani Alhaji sautu, ya saro musu kaya, sannan a raba kuɗin tikitinsa a tsakaninsu. Sai ta lura kullum jirgin kamfani ɗaya yake shiga, ko da akwai wani mai sauƙin kuɗi. Da ta bincika aka ce mata ai Alhaji yana da katin zinare na wannan kamfanin, kuma idan ya canza jirgi katin zai faɗi. Sai ta ce da ni: "Malam, mu ke biyan tikiti. To zinaren nan nasa ne ko namu?"

Kafin mu taɓa amsa, ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan kati. Kamfanonin jiragen sama suna rubuta wa fasinja maki gwargwadon nisan tafiyarsa ko yawan kuɗin da ya kashe. Idan maki ya taru yana iya karɓar tikiti da shi. Ban da maki akwai matsayi. ShebaMiles na Ethiopian Airlines da Skywards na Emirates, alal misali, kowannensu yana da hawa huɗu: shuɗi, azurfa, zinare, sai filatinum a can ƙoli. Wanda ya hau sama ba ya bin dogon layi, yana da zauren hutawa da abinci kyauta, yana riga mutane shiga jirgi, jakarsa tana riga ta kowa fitowa. A ƙawancen Star Alliance, wanda Ethiopian ta shiga a 2011, mai zinare yana samun ƙarin kilo 20 ko ƙarin jaka ɗaya. Ga ɗan kasuwa, wannan ƙarin kaya kuɗi ne tsaba.

Abin ya samo ƙarfi ne a Amurka, inda American Airlines ta buɗe shirinta na AAdvantage a 1981. Daga baya kamfanonin suka gano cewa makin kansa haja ne: suna sayar wa bankuna, bankuna kuma su raba wa masu katin bashi. A 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage a ƙasa, Delta ta ci bashin dala biliyan 9, kuma abin da ta bayar jingina shi ne shirin makinta. A 2021 American Airlines ta ci na dala biliyan 10 ta irin wannan hanya. Wato ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, abin da masu ba da bashi suka yarda da shi shi ne tabbacin cewa su Alhaji za su dawo.

Wani zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gaskiya ne. Mai koko takan ƙara wa wanda ya saba sayen kokonta ludayi ɗaya, mai nama yakan yi gyara. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi neman goro, kowanne yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Duk wanda ya daɗe yana sauka gida ɗaya, akwai ɗakin da ake ware masa. Don haka fifita tsohon abokin ciniki ba laifi ba ne, kuma ban ga dalilin da za a zargi kamfani don ya yi gyara ba.

Sai dai akwai bambanci. Idan falke ya karye, ko ciwo ya kwantar da shi shekara biyu, ranar da ya dawo maigidansa ba ya cewa "ban san ka ba". Mai koko ma takan ba ka bashi ranar da aljihunka ya bushe. Shi kuwa kati yana da wa'adi. Idan wa'adin ya cika ba ka cika adadin tafiya ba, kwamfuta za ta sauke ka, ba ruwanta da rasuwar da aka yi maka ko faɗuwar sidi. Sharuɗɗan ma kamfani ne kaɗai ke rubuta su, kuma yana iya canza su. Abin da ke tsakanin falke da maigida amana ce mai ƙafa biyu. Abin da ke tsakanin fasinja da kati ciniki ne da aka sa wa rigar amana. Shi ya sa a ƙasashen Turawa har akwai masu shiga jirgi a ƙarshen shekara, su je su dawo ba tare da wata bukata ba, don kawai kada matsayi ya kuɓuce. A nan sai mutum ya tambaya: tsakanin mutumin da katin, wa ke riƙe da wa?

Ba zan yi magana kamar wanda ya fi ƙarfin abin ba. Na taɓa yin tafiya da wani yayana mai irin wannan kati, ya shigar da ni zauren manya a matsayin baƙonsa. Na zauna a kujera mai laushi, ga shayi, ga sanyi. Da aka kira jirgi muka bi ta gefe muka wuce layi. A cikin layin akwai wata tsohuwa 'yar unguwarmu, sa'ar mahaifiyata, riƙe da jakar leda. Na gaishe ta a tsaye, cikin sauri, na wuce. Da a Mamobi ne, sai na rusuna na karɓi jakar. Sai da na zauna a jirgi kunya ta kama ni. Awa biyu kacal na yi a inuwar katin wani, amma har ya fara gyara mini yadda nake kallon mutane. Ina ga wanda ya shekara goma yana wuce layi?

Wannan shi ne abu na farko da nake tsoro. Kamfani ya san cewa kilo 20 yana da farashi, amma daɗin a kira sunanka a gaban jama'a ba shi da iyaka. Kuma wannan daɗin ba ya samuwa sai da wasu a baya. Da kowa zai shiga zauren, da ba wanda zai yi wahalar nemansa. Mu kuwa mun tashi a inda sahun gaba a masallaci na wanda ya riga zuwa ne, ko ɗan dako ne, kuma girma na wanda ya girme ka ne ko ya fi ka ilimi ko ya yi wa jama'a hidima. Ba a sabunta shi duk shekara da rasit.

Abu na biyu shi ne tambayar Hajiya, kuma ga abin da na gani. Idan Alhaji da kuɗinsa yake tafiya, ya shiga jirgin da ya ga dama, ya more zaurensa, Allah ya ƙara buɗi. Amma da zarar ya karɓi sautu ya zama wakili, kuma wakili ba ya zaɓa wa kansa daɗi da kuɗin wanda ya aike shi. Idan akwai tikiti mai sauƙi ya bar shi saboda kati, bambancin kuɗin nan ya fito ne daga ribar mace mai zama cikin rana a kasuwar Laraba.

Adalci ne mu ji ta bakin Alhaji ma. Zai ce: "Ni ke kwana a filin jirgi, ni ke barin iyali, ni ke fama da kwastan. Kuma ƙarin jakar da kati ke ba ni, kayansu nake zubawa a ciki." Wannan hujja ce mai nauyi, kuma mai yiwuwa idan aka yi lissafi katin ya rage musu kuɗin dako fiye da abin da ya ƙara a tikiti. To amma me ya hana a yi lissafin a gabansu? Abin da ya ɓata wa Hajiya rai shi ne a bakin wani ta ji. Da tun farko ya ce musu, "Ga jirgi mai sauƙi, ga wanda nake shiga, ga abin da nake samu, ga abin da ku kuke samu," da wataƙila su da kansu za su ce ya riƙe zinarensa halak malak. Abin da aka bayyana aka yafe maka kyauta ne. Abin da aka ɓoye, ko ƙanƙani ne, yana cin amana kamar yadda gara ke cin azara.

Wannan bai tsaya kan 'yan kasuwa ba. Ma'aikacin da ofis ke biya wa tikiti, shugaban ƙungiya da ke tafiya da kuɗin karo-karo, jagoran masu Umara, har da mu 'yan jarida, kowa ya tambayi kansa: da kuɗina ne, wannan jirgin zan shiga?

Bayan mako biyu Hajiya ta sake bugowa. Ta ce sun zauna da Alhaji, ya ɗan ji nauyi, amma ya fito da takardu. Sun yarda ya ci gaba da shiga jirginsa, shi kuma ya yarda duk tikitin da maki ya ba shi kyauta, a wannan tafiyar ba zai karɓi kuɗin tikiti a hannunsu ba. Ta ce yanzu idan ta ji jirgi ya wuce ta kan kasuwa, ba ta jin wani abu ya tokare mata ƙirji.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, a ƙasa da sama.