Ragon Gwaggo Habsu

Lawali ɗalibi ne a sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, yana shekara ta uku, kuma duk zuri'arsu a Dakoro shi ne na farko da ya kai wannan matsayi. Ba malalaci ba ne, gara a faɗi wannan tun farko. Sai dai komai nasa ta cikin salula yake bi. Da asuba kafin ya taɓa buta ya taɓa ta. Darussan da malamai suka bayar a zauren WhatsApp na ajinsu yake ɗaukar su, abin da bai gane ba ya nema a YouTube, in ya rubuta Faransanci ya ba ChatGPT ya gyara masa. Layi biyu ne a cikin salular, Airtel da Zamani, wanda rezonsa ya fi ƙarfi a wannan sa'a shi ke aiki. Kuɗin karin kumallo sau da yawa a forfe suke ƙarewa, kuma tun lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023 ya koyi yawo da caja a aljihu, duk inda ya ga kuran ya tsuguna.

Da dare a fada, ana dafa shayi, kowa kansa a sunkuye. Lawali yakan fara da sakamakon ƙwallo, ya gangara TikTok, ya faɗa Facebook, sai ya ɗago ya ga ƙarfe biyu ta wuce.

A gida kuwa darajarsa ƙaruwa ta yi ba tare da ya nema ba. Mahaifinsa mutumin rediyo ne tun yana saurayi. To a Agustan 2023 hukumomi suka dakatar da RFI, a Disamban 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Tsoho ya rage murɗa akwatinsa, ya koma cewa, "A tambayi Lawali, su ne masu ganin duniya a tafin hannu." Aka buɗe zauren dangi a WhatsApp, yawancinsu ba sa karatun boko, saboda haka Lawali yakan karanta labari da Faransanci ya mayar musu da Hausa cikin saƙon murya. Abin da ya faɗa ya zauna. Shi ma ya fara jin daɗin hakan, kuma wa zai ga laifinsa?

Ana saura ƴan makonni Babbar Sallah ta 2025, wadda ta faɗo a farkon watan Yuni, wani bidiyo ya shigo zauren tsofaffin ƴan lakwal ɗinsu. Shanu ne a kwance matattu, sun fi ashirin, ana jin wani yana salati. A ƙasa an rubuta cewa wata cuta ce ta ɓulla arewacin Dakoro, wajen Gadabeji, kuma za a rufe kasuwannin dabbobi. Lawali ya kalla sau biyu. Ya tuna da zazzaɓin Kwarin Rift da ya kashe dabbobi da mutane a yankin Cintabaradan a 2016, wanda suka karanta a aji. Ya kuma san cewa a watan Mayun nan gwamnati ta hana fitar da dabbobi ƙasar waje, fataken Najeriya sun ja baya, hankalin masu kiwo a tashe yake. Sai ya ga komai ya haɗu. Ya danna ya tura zauren dangi, ya bi shi da murya: "Jama'a, duk mai dabbar sayarwa ya yi hanzari. Gani ya kori ji, ga bidiyo nan." Ya ajiye salula ya kwanta, zuciyarsa fes, ya yi taimako.

Gwaggo Habsu, ƙanwar mahaifinsa, mijinta ya rasu, kuma wata bakwai ke nan tana turkar wani rago balami. Duk wanda ya san Dakoro ya san balami: fari sol, dogo, kunnuwa har suna lilo, ga ƙaton kai. Harawar wake take saya masa da kuɗin ƙuli-ƙuli, dusa da kanwa ba sa yankewa, ranar Juma'a ta wanke shi da sabulu, da rana ta matsar da turkensa inuwar bedi. Lissafinta a kansa yake kaf: buhun hatsi na damina, kuɗin makarantar autarta, da gyaran ɗakin da ke yoyo. Jikarta ce ta kunna mata muryar Lawali. Washegari da hantsi wani mai saye ya zo har ƙofar gida, ya taya jikka 85, ta sallama. Ragon da dillalai suka ce in Sallah ta matso ba zai kasa jikka 140 ba.

Kawu Idi, wan mahaifiyar Lawali, dillali ne a kasuwar dabbobi, ya yi shekaru yana bin Sakabal da Kornaka da Bermo. Shi ma yana da salula babba, kullum cikin sauraron saƙonnin farashi yake, don haka kada a ɗauka ƙin zamani ne ya sa ya kira ɗan ƙanwarsa. Cewa ya yi kawai, "Asabar ka shigo mota, ina nemanka."

Tafiyar kusan kilomita 120 ce. Lawali ya iso da la'asar ya tarar da shi a zaure.

"Kawu, ina wuni? Na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Zauna. Kunna mini abin nan da ka aiko."

Ya kunna. Kawu ya karɓi salular ya nisanta ta da idonsa, ya ce a tsayar.

"Wannan mene ne a ƙarƙashin shanun?"

"Ciyawa ce, Kawu."

"Ɗanya ko busassa?"

Lawali ya yi shiru. Ciyawa ce kore shar, har gwiwa.

"Kai da ka shigo yanzu, daga Maraɗi zuwa nan ka ga ɗanyen haki ko na sakace? Ruwa bai sauka ba. Kwarin Tarka yanzu rairayi ne da kashin shanu. To dubi shanun. Farare ne. Mu nan jajaye muke da su, na Bororo masu dogon ƙaho, sai azawak na Bugaje. Dubi ƙasar, ja ce mai laka. Wancan icen da ke baya, na taɓa ganin irinsa a kudancin Najeriya, manja ake yi da shi." Ya matso da salular. "Kuma duba kwanciyarsu. Duk a gindin ice ɗaya, kan wannan bisa wancan, kowace da ƙibarta. Na ga mutuwar dabbobi a 1984, na ga ta 2010 da ta share garkunan arewa, na ga ta cuta iri-iri. Mai ciwo warewa take daga garke, ta rame, ta faɗi can ita kaɗai. Wannan kwanciyar aradu ce. Ruwa suka fake wa."

"Kawu, a zauren ƴan makarantarmu aka turo, kuma mutane da yawa sun..."

"Wa ya ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Wanda ya turo maka, shi ya sani?"

"Ban tambaye shi ba."

"Likitan dabbobi na nan garin, lambarsa na cikin salulata. Ardon da ke Gadabeji, in na kira shi yanzu zai ɗauka. Kai kuma aikin gona kake karanta, ko ba haka ba? Ciyawar nan ai darasinka ce."

Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi masa zafi, domin gaskiya ce. Ya san lokacin saukar damina a yankinsu, ya san irin shanunsu, har jarrabawa ya ci a kai. Amma da bidiyon ya zo, rubutun da ke ƙasa ya karanta, bai dubi hoton ba.

Kawu ya sa shi ya yi sabon saƙo a gabansa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce labarin da ya aiko ba gaskiya ba ne, kasuwa na nan tana ci. Sai da ya maimaita sau uku kafin Kawu ya yarda, don biyun farko yana ta kewaye-kewaye, wai "an samu ɗan kuskuren fahimta". Saƙon farko kam ya riga ya fita daga zauren dangi, an ji shi har Birnin Lalle. Na biyun mutum nawa suka tura gaba? Allah masani.

Bayan magariba ya je gidan Gwaggo. Turken na nan, igiyar a naɗe a kansa, ga ragowar harawa a kwando. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara bayani, ta katse shi.

"Ɗana, tashi. Rabon mai saye ne. Ni dai da muryar wani ce da sai na aika a tambayi Idi. Da na ji taka ce, ban ga abin tambaya ba."

Ya ce in kuɗin bursi suka fito zai cika mata abin da ta rasa. Ta yi dariya ta ce bursin nasa nawa yake, ya dai sayo mata ɗan tinkiya bayan Sallah, lokacin da suke araha, ta sake ɗaurawa. Ta zuba masa fura. Ya sha da ƙyar.

Ranar Lahadi a mota, suna dab da Maraɗi rezo ya dawo da ƙarfi, saƙonni suka yi ta shigowa. A ciki har da bidiyon nan, daga wani abokin ajinsa, sai dai yanzu an rubuta cewa a Abalak ne. Lawali ya kira shi.

"Kai, wa ya ɗauki wannan?"

"Oho, turo mini aka yi. Me ya faru?"

"Buɗe shi. Ka ga ciyawar?"

"Wace ciyawa kuma?"

"Buɗe dai, ina jiranka. Kuɗina ne ke tafiya."