Ƙaddara Ce Ko Sakaci? Darasi Daga Masu Harba Kumbo

  

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata 'yar gardama ce da aka yi a ƙofar gidana, nan Unguwar Dosa, bayan an idar da sallar isha'i. Wani ɗalibina da nake koya wa Nahawu, wanda Allah Ya ɗora wa son bin labarin harba kumbo zuwa sararin samaniya, ya nuna mana a wayarsa yadda roka ke tashi ta kai kayanta sama, sa'an nan ta komo ta sauka a tsaye. Sai wani dattijo maƙwabcina ya ce ai duk wannan dabara ba ta hana ajali, ya tuna mana da kumbon da ya tarwatse da mutum bakwai a 1986, ya ce kwanansu ne ya ƙare. Yaron ya ce, "Baba, a gafarce ni, wannan sakaci ne." Aka juyo gare ni don in raba gardama, na kuwa ga maganar ta fi ƙarfin hirar dare, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sha'ani ne na nesa da bai taɓa shafarmu ba. A farkon shekarun 1960 hukumar sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta. Ran 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano, har ya gaya musu yana hango guguwar ƙura a ƙasa, lokacin kuwa na hunturu ne. A wannan tafiya wata na'ura ta nuna wa masu lura daga ƙasa cewa garkuwar da za ta kare shi daga zafin komowa ta kwance. Suka yi ta shawara a tsakaninsu, suna ba shi umarni ba tare da sun fayyace masa dalili ba. Daga baya aka gane na'urar ce ta yi kuskure, ya sauka lafiya. Amma fa tambaya ta rage: ya halatta a ɓoye wa mutum haɗarin da ransa ke ciki? Za mu komo kanta.

Yanzu ga labarin kumbon Challenger da dattijon ya ambata. Rokokin da ke ɗaga shi gaɓa-gaɓa ne ake haɗawa, a kowace mahaɗa akwai zoben roba mai toshe iskar wuta. Sanyi yana sa wannan roba ta sandare. Tun a watan Yuli 1985 wani injiniya na kamfanin da ya ƙera rokokin, Roger Boisjoly, ya rubuta wa manyansa takardar gargaɗi game da zoben. Daren da za a wayi gari a harba kumbon, injiniyoyin suka ba da shawara kada a harba in sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗinsu, shugabannin kamfanin suka keɓe, suka janye shawarar, suka sa hannu. Da safe ran 28 ga Janairu 1986 aka harba shi cikin sanyin da bai wuce digiri 2 ba. Sakan 73 da tashinsa ya tarwatse, mutum bakwai suka halaka, cikinsu har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe.

A cikin kwamitin bincike akwai masanin kimiyya Richard Feynman. Ya tarar cewa shugabanni suna cewa yiwuwar asarar kumbo sau ɗaya ne cikin 100,000, alhali injiniyoyin da ke taɓa ƙarfen da hannunsu suna cewa kimanin ɗaya ne cikin 100. Tarihi ya nuna wanda ya fi kusa da gaskiya: daga 1981 zuwa 2011 an harba irin wannan kumbo sau 135, biyu suka halaka tare da mutum 14. Na biyun shi ne Columbia, wanda ya wargaje ran 1 ga Fabrairu 2003 yana komowa, saboda wani ɓallin soso da ya bugi fiffikensa na hagu lokacin tashi. An sha ganin soson yana ɓallewa a tafiye-tafiyen baya, kamar yadda aka sha ganin wuta ta ci gefen zoben roba kafin Challenger, amma da yake kullum ana dawowa lafiya sai aka saba da aibin, aka daina jin tsoronsa. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

To, wa ke da gaskiya, dattijo ko yaro? Amsata ita ce kowannensu ya faɗi gaskiya, amma tambayoyi biyu daban suka amsa. Dattijo ya amsa tambayar abin da Allah Ya sani kuma Ya hukunta tun fil azal, kuma babu Musulmin da zai yi musun cewa rai ba ya wuce ajalinsa. Yaro kuwa ya amsa tambayar abin da aka ɗora wa bawa, wanda a kansa za a yi masa hisabi. Ba a tambayar bawa abin da ke rubuce a Lauhul Mahfuz, domin bai gan shi ba. Abin da ya sani ake tambayarsa, da kuma abin da ya aikata bayan ya sani. Waɗanda suka sa hannu a wancan dare ba su san ajalin kowa ba, amma sun san sanyi yana sandarar da roba.

Magabata sun warware wannan tun da daɗewa. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarg aka ba shi labarin cutar, ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Sayyidina Abu Ubaida ya ga kamar wannan gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma ba a yaba wa wanda ya zaɓi busasshen. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Malaman Larabci sun bambanta kalmomi biyu masu tushe ɗaya: tawakkul, watau dogaro ga Allah bayan an riƙi sababi, da tawaakul, watau zubar da aiki a jingina shi ga wani. Ta farko ibada ce, ta biyu kuwa lalaci ne da ya ari rigar ibada.

Sai dai akwai wata hujja mai ƙarfi da ya kamata mu saurara. Wani zai ce, in an bi kowane gargaɗi ai babu abin da zai taɓa tashi, domin babu aikin ɗan Adam da ya kuɓuta daga aibi. Wannan gaskiya ne. Mu ma mun ɗanɗana: tauraron sadarwa na Nijeriya, NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayu 2007 da nufin ya yi shekara 15 yana aiki, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, sai a Disamba 2011 aka harba madadinsa. Saboda haka ba a ce wa kowa ya kawar da haɗari ƙaf ba, wannan ya fi ƙarfin mutum. Abin da aka ɗora masa biyu ne: ya faɗi girman haɗarin bisa gaskiya ba tare da ya rage shi don faranta ran shugaba ba, kuma ya sanar da wanda ransa ke ciki, don ya shiga da saninsa. A nan ne amsar tambayarmu game da Glenn take. Wanda ya hau abu yana sane da haɗarin ɗaya cikin ɗari jarumi ne. Wanda aka gaya wa ɗaya cikin dubu ɗari kuwa, an ha'ince shi. Mu tuna da mai sayar da abincin da Manzon Allah ya tarar ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa: ba a zarge shi don ruwan sama ya jiƙa hajarsa ba, ɓoyewar ce laifinsa.

Adalci ne mu faɗi cewa ana iya koyon darasi. A watan Yuni 2024 kumbon Starliner ya kai 'yan sama jannati biyu tashar sararin samaniya, wasu injinansa suka ba da matsala a hanya. NASA ta yanke a dawo da shi babu kowa a ciki, mutanen suka zauna can har Maris 2025, aka komo da su a wani kumbo. Starliner ɗin ya sauka lafiya, amma wannan bai mai da hukuncin kuskure ba, kamar yadda saukar Glenn lafiya ba ta mai da ɓoyewar daidai ba. Ana auna hukunci ne da abin da aka sani ranar da aka yanke shi.

Jama'a, zoben robar nan yana cikin sana'ar kowannenmu. Direban da ya san tayarsa ta suɗe amma ya yi lodi, yana cewa ai jiya ma da ita ya je Zariya ya dawo, da magini mai rage siminti, da makanikin da ya ga birki ya ci ya yi shiru, da mu malamai in muka ɗaga yaron da bai iya ba zuwa aji na gaba, duk hanyar waɗancan shugabanni muka bi. Ranar da abin ya auku kuma sai mu ce Allah ne Ya kawo. A Larabci amana da aminci da imani duk daga tushe ɗaya suka fito, kuma abu ba ya zama amintacce sai masu riƙe da shi sun kasance amintattu. Ambaton ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda musiba ta samu, shi ya sa muke faɗinta wurin ta'aziyya. Ba ta zama hujja ga wanda aka gargaɗa ya toshe kunnensa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mu daga sakaci da rayukan bayinSa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.