Wanda Ya Ce "Har Yanzu Yana Ciwo" Ya Rasa Haƙuri Ne?



Wani matashi ya tsare ni bayan sallar Isha'i. Babur ne ya kayar da shi, ƙashin nan da ya tashi daga saman ƙirji zuwa kafaɗa ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Yau wata 10 ke nan. Hoto ya nuna ƙashi ya haɗe, amma ba ya iya kwanciya ta wannan ɓangaren, ko igiyar jaka ba ya iya ratayawa. A gida kuwa an gaji da ji. Wai raki ne, wai ba ya gode wa Allah. Ya ce, "Malam, in na ce yana ciwo, na ɓata ladana?"

Na ce masa a'a.

Ciwon nan fa gaskiya ne. Fatar wurin ba ta da kauri, ƙarfen yana daf da ita. Akwai kuma ƙananan jijiyoyi da suka ratsa ta kan ƙashin, wani lokaci aikin kan taɓa su, sai ƙasan tabon ya mutu ko ya riƙa raɗaɗi kamar wuta. Wannan ba ya fitowa a hoton ƙashi. Likitoci ma suna ɗaukar ciwon da ya wuce wata 3 bayan aiki a matsayin cuta mai neman magani.

Shi kuma haƙuri ba yin gum ba ne. Annabi Ayyuba (AS) ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa a Suratul Anbiya, kuma a Suratu Sad Allah ya shaide shi da haƙuri. A Sahihu Muslim, Usman bin Abil As ya gaya wa Manzon Allah (SAW) ciwon da ya daɗe yana ji. Bai kwaɓe shi ba, sai ya koya masa ya ɗora hannu a wurin ya yi addu'a. Abin da ke cin lada shi ne jin haushin hukuncin Allah. Faɗin inda ke maka ciwo daban ne.

Ni wallahi masu cewa raki ne suka fi ba ni tsoro. In kuka toshe masa baki, kemis zai koma a ɓoye ya sayi tramadol, kuma mun san inda wannan hanyar ta kai yaranmu. Ranar da ya kamu, ku ne za ku fara zaginsa.

Na ce ya koma wurin likitan ƙashi, ya faɗi komai ba kunya, ya kuma tambaya ko za a iya cire ƙarfen in lokaci ya yi. Na karɓi lambar yayansa, gobe in Allah ya kai mu zan kira shi.